Tambayoyi da Amsoshi: Me Za a Shimfiɗa a Ƙasan Sabon Gida, Tayil, Leda, Katako ko Kafet?

Duk wanda zai tare a sabon gida sai ya zo kan maganar ƙasan ɗaki, kuma yawanci sai an gama fenti an sa ƙofofi aljihu ya fara kuka sannan ake tunawa da ita. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi. Wasu amsoshin zasu yi tsawo, a yi haƙuri, abin ne da faɗi.

In fara tarewa sannan a riƙa yin ƙasan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ko in jira a gama duka?

In da hali ka jira ɗan uwa. Aikin ƙasa yana son gida wayam, ba gado ba kujeru ba yara suna shiga suna fita. Da zarar kaya sun shiga toh kullum sai an ɗage su daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙurar yanka ta shiga katifa da labule da kayan sawa, mai aikin ma bazai sake ba, kuma maganar "a hankali za a yi" ɗin nan sau da yawa ita ke komawa shekara biyu ana taka siminti. In dole ce ta sa sai ka tare, a gama banɗaki da kicin da ɗakin da za a kwana tukuna, amma ka sayi kayan duka gidan a lokaci ɗaya, dalilin yana nan ƙasa wajen maganar lambar gashi, wato lambar da ke nuna tayil ɗin da aka gasa tare.

An gama daɓe, yaushe za a fara shimfiɗa?

Nan ne fa yawancin matsala take farawa, kuma ba a ganinta sai bayan wata shida. Mutane suna jin ance kankare yana kai ƙarfinsa a kwana 28 sai su ɗauka ya bushe kenan, alhali ƙarfi daban bushewa daban. Daɓen yashi da siminti, lissafin da masu aikin ke bi shine kwana ɗaya ga kowane milimita ɗaya na kauri har zuwa milimita 40, abin da ya haura haka kuma sai ya ci kwana biyu kowane milimita. Kaga daɓe mai kaurin milimita 50 zai nemi wajen kwana 60 kenan, in ana ruwa ko ɗakin baya samun iska ya fi haka ma.

Wannan dogon jiran na katako ne da laminet (shimfiɗar nan mai kama da katako) da leda, su ne basa shiri da danshi. Tayil yana da sauƙi, bayan kamar sati uku a kan sabon daɓe za a iya fara sa shi, shi ma ana jira ne saboda siminti yana tsukewa yayin da yake bushewa, in aka manna tayil kafin ya gama tsukewar sai ya ja shi ya tsage.

Akwai gwajin da kowa zai iya. Ka yanko leda mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, ka shimfiɗa a ƙasa ka liƙe gefuna huɗun da salatif sosai yadda iska bazata shiga ba, ka barta kwana ɗaya cur. In ka ɗaga kaga raɓa a cikin ledar ko wurin yayi duhu, ƙasan nan bata bushe ba komai mai aiki zai faɗa maka. In ka ganta a bushe alama ce mai kyau, amma in katako zaka sa ka nemi a zo da na'urar auna danshi, don ledar bata faɗin abin da ke can ciki.

Sai maganar daidaito. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a wurare da dama, in ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3 sai an gyara, ko a kankare tudun ko a zuba simintin nan mai ruwa-ruwa da yake bajewa da kansa ya cike kwarin. Kar ka yarda da "gam zai ɗauke". Gam ba aikinsa bane cike rami.

Menene bambancin tayil siramik da fosilin? Mai shago yace duk ɗaya ne.

Ba ɗaya bane. Dukkansu ƙasa ce aka gasa, amma fosilin an yi shi da ƙasa mai laushi an danne shi sosai an gasa da wuta mafi zafi, shi yasa ruwan da yake sha baya wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa, siramik kuwa yana sha fiye da haka nesa ba kusa ba. In kana son ka gane a shago, juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa, in ya tsotse nan da nan siramik ne, in ruwan ya tsaya yana kallonka fosilin ne.

Falo, kicin, baranda, hanyar shiga, duk inda ƙafa ke yawa, fosilin ya fi. Ɗakin kwana siramik mai kyau ya wadatar. Abu ɗaya dai, tunda fosilin baya shan ruwa siminti zalla baya kama shi da kyau, sai da gam na tayil wanda aka yi don shi, a jikin buhun zaka ga an rubuta C2. Masu aiki da yawa sun saba da jiƙa tayil a ruwa su ɗora kan siminti da yashi, wannan hanyar ta siramik ce, in aka yi wa fosilin haka yau lafiya gobe lafiya, wata rana sai ka ji yana motsi a ƙafarka.

Kuma tayil ɗin bango ba a sa shi a ƙasa, ko da kalar ta burge ka.

Waɗannan lambobin na jikin kwali, PEI da R, me suke nufi?

PEI yana nuna yadda fuskar tayil ke jure gogayya, daga 1 zuwa 5. Na gida 3 yayi, ƙofar shiga da kicin inda ake shigowa da yashi a takalmi 4 ya fi, 5 na manyan shaguna ne da ma'aikatu. R kuma na santsi ne, ma'aunin Jamus ne, daga R9 zuwa R13, lamba na hawa santsi na raguwa. R9 na busasshen ɗaki ne, kicin da banɗaki a nemi R10 ko R11.

Ni dai a ra'ayina tayil mai ƙyallin nan da kake ganin fuskarka a ciki, kyansa a shago yake da ranar farko. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kada mutum, in akwai dattijo a gidan ko mai ciki ko yara masu gudu wallahi bai kamata ya kusanci banɗaki ba, sannan ko wane sawun ƙafa sai ya nuna, mai gida ta wuni da mofa a hannu.

Katan nawa zan saya?

Auna tsawo da faɗi ka ninka. Misali ɗaki mita 4 da mita 5 ya zama murabba'in mita 20. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, 22 kenan. Tayil mai 60 da 60 galibi guda huɗu ne a katan, wato murabba'in mita 1.44, in ka raba 22 da 1.44 zaka samu 15 da ɗoriya, toh katan 16 zaka saya. In a karkace za a jera ko ɗakin yana da lunguna da yawa ka ƙara kashi 15. Amma ka duba jikin katan ɗin, ba kowane kamfani ke zuba adadi ɗaya ba.

Ga maganar lambar gashi da nace. Tayil iri ɗaya daga kamfani ɗaya, in ba rana ɗaya aka gasa su ba kalar tana ɗan bambanta, wani lokacin har girman ma da milimita ɗaya. Akwai lamba a jikin kowane katan da ke nuna hakan, ka tsaya da kanka ka tabbatar duk lamba ɗaya aka loda maka. A shago bazaka ga bambancin ba, sai an shimfiɗa rana ta hasko ta taga sannan zaka ga rabin falo ya fi rabi duhu. Abin da ya rage kuma kar ka bayar, ka ajiye katan ɗaya a sito, ranar da tukunyar gas ta faɗo ta fasa guda biyu bazaka sake samun irinsa a kasuwa ba.

Me yasa wani tayil in ka buga yake ƙara kamar ganga, wani kuma ya kumbura ya tashi da kansa?

Abu biyu ne daban. Ƙarar tana nufin akwai iska a ƙarƙashi, wato mai aikin ya ɗiɗɗiga gam a kusurwa huɗu da tsakiya ya danna kawai don yayi sauri ya kuma rage kaya. Yadda ya kamata shine a shafe ƙasan da cokalin nan mai haƙora, layukan gam su tafi gefe ɗaya, in tayil ɗin babba ne a shafa wa bayansa shi ma, sannan a danna a ɗan murza. A busasshen ɗaki gam ya kama aƙalla kashi 80 na bayan tayil, a banɗaki da waje kashi 95. Ranar farko kace ya ɗago guda ɗaya da ya sa yanzun nan ka kalli bayan, nan zaka san da wa kake aiki. Mai aikin kirki bazai ji haushi ba.

Tashi kuwa daga matsi ne. Tayil da siminti suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, in aka matse tayil jikin bango ƙam kuma ba a bar layi tsakaninsu ba, ranar da suka buɗe babu inda zasu je sai sama, wani lokaci da ƙara kamar an fasa abu cikin dare. Maganinsa a bar rata wajen milimita 5 ko 6 a gefen bango, sikatin, wato abin da ake zagaye gindin bango da shi, zai rufe ta ba wanda zai gani, a bar layi milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da ɗan uwansa da 'yan robobin nan masu kamar giciye, in falon babba ne a bar layi mai laushi da silikon duk bayan mita 6 zuwa 8, inda rana ke duka kuwa kusa-kusa fiye da haka. Masu cewa a haɗe musu tayil ba layi ko kaɗan don yafi kyau, su ne ke kiran mai gyara.

Laminet ko SPC? Duk kamar katako nake ganinsu.

A ido kam kusan ɗaya ne, hoton katako ne aka buga aka rufe da fata mai ƙarfi, kuma duka biyun saƙala su ake yi da juna ba a mannawa da ƙasa. Cikin ne ya bambanta. Laminet, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977, cikinsa garin katako ne da aka danne, saboda haka in ruwa ya kwanta ya shiga ta mahaɗa sai bakin ya kumbura kuma baya komawa. SPC cikinsa garin farar ƙasa ne da roba, ruwa baya yi masa komai, shi yasa yake shiga kicin lafiya lau. Amma shi ma yana da nasa, siriri ne, milimita 4 zuwa 6, duk wani tudu ko rami na ƙasa sai ya karya masa mahaɗa, sannan inda rana ke dukansa kai tsaye ta babban gilashi yana iya buɗewa ya lanƙwashe, sai da labule.

Wajen saye, laminet ka duba AC, wato lambar jure gogayya, AC3 na gida ne, AC4 in gidan akwai jama'a, kauri milimita 8 zuwa sama, in ka ga E1 a jiki yana nufin sinadarin fomaldihaid da yake fitarwa kaɗan ne. SPC kuma ka tambayi kaurin fatar sama ba kaurin duka ba, 0.3 na milimita yayi wa gida, 0.5 ya fi jurewa.

Kafin a sa a ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin na awa 48 su saba da yanayin wurin, a kan siminti a fara shimfiɗa ledar tare danshi, a bar ratar milimita 8 zuwa 10 a duk gefen bango da bututu da ƙafar ƙofa. Kuma kar a kafa kabad ɗin kicin a kansa ya danne shi, a fara kafa kabad sannan a zagaye shi da shimfiɗar.

Katako na gaske fa?

Babu abin da ya kai shi daɗin takawa, kuma in ya tsufa ana goge shi da inji a sake shafa masa mai ya dawo sabo, sau da yawa ma. Amma yana son kulawa. Yana numfashi da yanayi, lokacin danshi ya kumbura lokacin bushewa ya buɗe layi, in yankin akwai gara sai an yi wa ginin magani tun daga tushe. Akwai mai hawa-hawa wanda saman ne kawai katakon gaske, milimita 3 zuwa 6, ƙasan falanki, shi ya fi zama lafiya a kan siminti. Banɗaki dai a'a.

Mabul, giranit da tarazo, wanne ya fi?

Mabul yana da kyau amma asid ne maƙiyinsa, lemon tsami ko ruwan wankin masai in ya zuba sai ya cinye ƙyallin ya bar tabo, kuma yana shan mai, sai ana shafa masa maganin toshe ƙofofi lokaci zuwa lokaci. Giranit ya fi shi tauri da haƙuri, ya dace da matakala da ƙofar shiga. Tarazo kuwa, wanda asalinsa daga yankin Banis ne a Italiya, ɓarɓashin mabul ake kwaɓawa da siminti a zuba a goge da inji, ni ina ganin an raina shi ne kawai don ana masa kallon tsohon yayi, amma je ka duba tsofaffin makarantu da asibitoci ka ga shekara nawa yayi ana taka shi. Matsalarsa aikin akwai caɓi da laka, dole a yi shi kafin fenti, kuma ba kowa ya iya gugar ba.

Ina son kafet bango zuwa bango a ɗakin kwana, akwai matsala?

In ba mai asma ko atishawar ƙura a gidan, kuma akwai injin zuƙe ƙura, bismillah. Yana da ɗumi yana kashe ƙara, musamman a bene. In kuwa tsintsiya ce kawai Hajiya, gara ki sa tayil ko SPC ki ɗora babbar darduma wadda za a iya naɗewa a fitar a kakkaɓe a shanya.

Me ya kamata in sa wa ido a banɗaki?

Abin da ke ƙarƙashin tayil ɗin. Tayil da simintin cike layi basa hana ruwa wucewa ɗari bisa ɗari, saboda haka kafin a sa komai a shafe ƙasan da maganin hana yoyo shafi biyu, ya hau bango kamar santimita 15 zuwa 20, wajen shawa kuma har sama da tsayin mutum, a kula da kusurwoyi da bakin magudana don nan ruwa ke bi. In ya bushe a toshe magudanar a tara ruwa a barshi kwana ɗaya ko biyu, a leƙa ta ƙasa da bayan bango a gani. In banɗakin a sama yake wannan gwajin ba abin wasa bane, silin ɗin falonka ne a ƙarƙashi.

Sai gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa wajen magudana. Kafin ka sallami mai aiki ka zuba bokitin ruwa ka tsaya ka ga inda ya nufa, in ya taru a wani lungu ko ya kama hanyar ƙofa toh ba a gama ba. Ƙananan tayil sun fi sauƙin bin gangare, kuma yawan layukansu yana rage santsi.

Gidan ba sabon gini bane, zan iya ɗora sabo a kan tsohon tayil?

Zaka iya in tsohon yana nan daram, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya da ƙwanƙwasa, wanda yayi ƙara a cire a cike gurbin, a wanke maiƙo, a shafa abin da zai sa gam ya kama. Amma ƙasa zata ƙara tsayi da santimita ɗaya ko fiye, sai an rage ƙofofi, kuma a lura kar ɗaki ya koma ƙasa da banɗaki.

Gargaɗi ɗaya, in gidan tsoho ne sosai, na wajen shekarun 1950 zuwa 1980, kuma ka tarar da ƙananan tayil na roba da baƙin gam a ƙarƙashi, akwai yiwuwar suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da ciwon daji. Kar a kankare kar a goge da inji, ko a rufe shi yadda yake ko a kira waɗanda suka san aikin.

Haya nake, me zan yi?

Ka tambayi mai gida tukuna, in ya yarda a rubuta. Ledar ɗaki mai kauri ko SPC sun fi dacewa tunda ba a mannawa, ranar tashi ka kwance abinka.

Ya zan gane mai aikin kirki, ko ni ma zan iya da kaina?

Laminet da SPC a ɗaki mai kusurwa huɗu, mai haƙuri da tef da zarto zai iya. Tayil, musamman manya da na banɗaki, a bar wa masu shi. Kar ka tsaya kan hoton waya, kowa yana da hoto, kaje ka taka aikin da yayi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Ka lura da abin da ya fara yi da ya shigo, in ya auna ƙasa ya ja igiya ya jera 'yan tayil a bushe don ya ga inda yanka zai faɗa toh ya san aiki, in kuwa daga zuwa ya kama kwaɓa gam ya fara daga lungu, a ƙofar falo zaka tarar da siririn yanki mai faɗin yatsa biyu. Ku yi magana tun farko kan sikatin da cike layi da kwashe shara ko suna cikin jinga, kuɗi kuma kashi-kashi, na ƙarshe sai ka zagaya ka ƙwanƙwasa. Yanka kuma a yi da ruwa ko a waje da takunkumi, ƙurar tayil tana da silika mai lalata huhu, lafiyarsa ce da taka.

An gama, yaushe zan shigo da kaya, kuma da me zan riƙa wankewa?

Laminet da SPC ranar ma zaka iya. Tayil a barshi awa 24 ba a taka ba, sannan a cike layi, a ƙara kwana ɗaya, kaya masu nauyi irin firji da kabad gara a basu kamar sati. A goge farin hazon simintin cike layi tun bai daskare ba don in ya kwana biyu sai an sha wuya. Ranar kwaso kaya a shimfiɗa kwali a hanya, a ɗaga kaya kar a ja, a liƙa ɗan ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru.

Wanki kuma ruwa da ɗan sabulu mai laushi ya isa kusan komai. Laminet da katako a matse mofa sosai, kar a kwara ruwa. Asid kar ya taɓa mabul da tarazo, ko a kan tayil ma yana cinye layin a hankali har ruwa ya samu hanya. Sannan a sa abin goge ƙafa a ƙofar shiga, ɗaya a waje ɗaya a ciki, don yashin da ke maƙale a takalmi shi ke dusashe fuskar ƙasa fiye da komai.